Konfitir Mai Zaƙi da Yaji: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Duk shekara idan bazara ta kama, mangwaro yakan cika Babbar Kasuwar Maradi har ya malalo bakin hanyoyi. Na saman tuli ana cinikinsa, na ƙasa yana ruɓewa ƙudaje na bi. Da damina ta zauna kuma, ko na magani sai an sha nema. Ganin wannan asarar ne ya sa na fara dafa konfitir a gida, kuma da yake harshenmu bai saba da zaƙi tsurarsa ba, sai na riƙa jefa masa tonka da citta. Tun daga lokacin maƙwabta da dangi da masu saye suke yi mini tambayoyi, kusan iri ɗaya kullum. Ga su nan na tattara, kowace da amsarta kamar yadda nake bayarwa idan muna zaune a tsakar gida.

Hajiya, shi konfitir ɗin nan mene ne? Ba abincin nasara ba ne?

Ɗan itace ne ake dafawa da sukari da ɗan tsami har ruwansa ya ƙone, ya yi kauri, ya iya ajiyuwa watanni bai lalace ba. Sunan daga Faransanci muka aro shi. Ƴan'uwanmu na Jibiya da Katsina su jam suke cewa, abu ɗaya ne.

Sunan baƙo ne, amma ɗanɗanon namu ne tun kaka da kakanni. Nakiyar da ake kai wa amarya a gara, ai da zuma da kayan yaji ake kirɓa ta. Fura ba ta cika ba sai da citta da kanumfari. Zoɓon da muke sha, zaƙi ne da tsami da yaji a kofi ɗaya. Yaran da ke yanka ɗanyen mangwaro suna dangwala yaji da gishiri, su ma abin da bakinsu ke nema ke nan. Abin da konfitir ya ƙara mana kawai shi ne dabarar tsare wannan daɗin a cikin kwalba, ya kai mu lokacin da itacen ya daina ba da ƴaƴa.

Wane ɗan itace ya kamata in fara da shi?

Mangwaro, domin shi ne ya fi yawa, ya fi araha a lokacinsa, kuma yana shiri da yaji. Ki nemi na aure, mai tsoka da yawa marar zare. Namu na gida mai zare yana da ƙamshi, ba na raina shi, amma sai kin matse shi kin tace a rariya, in ba haka ba zaren zai bi konfitir ɗin ya dami mai ci.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauka wanda ya luguiguice shi ne na konfitir, tunda ai dafawa za a yi. A'a, ƴar'uwa. Ruɓaɓɓe ba ya gyaruwa a wuta. Wanda ya nuna sarai yana ba da zaƙi da ƙamshi, amma ba ya kama jiki. Wanda ya fara nuna, yana da sauran ƙarfi da ɗan tsami, shi ke sa kauri. Saboda haka nake haɗawa: kashi uku nunanne, kashi ɗaya mai ɗan tauri. Ki wanke ƙaron da ke bakin hancinsa da kyau, yana sa wasu mutane ƙaiƙayi.

Bayan mangwaro sai gwaba. Ita ba ta da wahala ko kaɗan, da kanta take daskarewa, sai dai a dafa ta tukuna a tace ƴaƴan, don masu tauri ne kamar tsakuwa. Abarba ma tana yi, haɗa ta da attarugu yana da daɗi ƙwarai. Lokacin sanyi, idan tumatirin lambunan Jiratawa da na bakin Gulbi ya yi araha, shi ma ana yin konfitir mai yaji da shi, kuma ya fi kowanne dacewa da gasasshen nama. Gwanda da kankana da ayaba kuwa ban ba wa mai koyo shawarar farawa da su, domin tsaminsu kaɗan ne, zan faɗi dalili a ƙasa.

Ki ba mu awon da kike yi, daga farko har ƙarshe.

Ki samu sikeli, ko na aro ne. Awo da ido yana yi a miya, a nan ba ya yi. Tsokar mangwaron ake aunawa bayan an fere an cire ƙwallo, ba shi da ɓawonsa ba.

Ga kilo 1 na tsoka, ina sa sukari giram 750, ruwan lemun tsami babban cokali 4, attarugu 1 ko 2 da aka cire wa ciki aka yanka ƙanana sosai, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa a goge, kanumfari ƙwaya 3 ko 4, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ruwa ko ɗigo ba na sawa.

Sai ki yanka mangwaron ƙanana, ki zuba masa sukari da ruwan lemun a tukunya, ki juya, ki rufe ki bar shi awa ɗaya ko biyu. Za ki dawo ki tarar sukarin ya jawo ruwan mangwaron ya narke a ciki. Akwai masu cewa a bar shi ya kwana. Wannan shawarar ta ƙasashen sanyi ce. A zafin Afrilu na Maradi, in ba a firigo ba, kafin asuba ya fara tsami.

Ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ki daina jin gurzar sukari a gindin tukunya. Kada ki yarda ya tafasa kafin sukarin ya gama narkewa. Daga nan ki zuba attarugu da citta da kanumfari da gishiri, ki ƙara wuta sosai ya riƙa tafasa da ƙarfi. Kumfa zai taso, ki kwashe da ludayi. Tsakanin minti 20 zuwa 30 yake ɗauka, gwargwadon faɗin tukunya da ƙarfin wuta. Minti goman ƙarshe ba a barin wurin, ko sallama aka yi a aika yaro. A nan yake kamu, kuma a nan yake tsalle yana ƙona hannu, don haka ki yi amfani da muciya mai tsawo, ki kori yara daga gindin murhu. Ƙunar sukari ta fi ta tafasasshen ruwa muni, domin ya fi zafi kuma manne wa fata yake yi.

Ki tsamo kanumfarin kafin ki ɗura. Wannan awon yana ba ni matsakaitan kwalabe kamar 3.

Sukarin nan ya yi yawa, ga tsada. Ba zan iya rage rabi ba?

Wannan tambayar ta fi kowace zuwa, kuma ita ce na fi so a saurare ni a kanta. Sukarin konfitir ba don zaƙi kawai ake sa shi ba, shi ne mai gadi. Kamar yadda gishiri da rana suke tsare kilishi, haka sukari yake riƙe ruwan da ke cikin ɗan itacen, ya hana ƙwayoyin cuta da fumfuna samun abin sha. Konfitir ɗin da ya dahu daidai, kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyinsa sukari ne, idan aka haɗa wanda aka zuba da na jikin ɗan itacen. Ƙasa da haka, gadin ya yi rauni.

Ni ma na taɓa ragewa, a shekarar da na fara. Na sa rabin awo, na cika kwalabe takwas na jera a ɗaki ina murna. Ba a yi kwana goma ba murafan suka kumbura, da na buɗe sai kumfa da warin tsami. Duk na zubar, da mangwaron da sukarin da gawayin da wunin da na yi a tsaye. Har yau in na tuna raina yana sosuwa, kuma ba na son wata ta yi irin wannan asarar.

Idan har kina son mai ƙarancin zaƙi, ki yi kaɗan, ki sa a firigo, a cinye cikin mako biyu ko uku. Wannan ba laifi. Amma na ajiya a ɗaki, kada ki sauka ƙasa da giram 700 a kilo.

To lemun tsami fa, me yake yi? In babu, a bar shi?

Ba a barinsa. Aiki biyu yake yi, kuma kowanne babba ne.

Na farko kauri. A jikin ƴaƴan itace akwai wani sinadari mai kama da danƙo da ake kira pektin, wani masanin Faransa, Henri Braconnot, shi ya raɗa masa sunan a 1825. Shi ke sa konfitir ya daskare, amma ba ya aiki sai ya haɗu da sukari isasshe da tsami isasshe. Ukun nan kamar duwatsun murhu suke, in aka janye ɗaya tukunya ta kife. Mangwaro nunanne ba shi da pektin da yawa, shi ya sa nake tara ƴaƴan lemun da farin ɓawonsa na ciki, in ƙulle a ƙyalle mai tsabta in jefa a tukunya, in tsame a ƙarshe. A nan pektin ɗin lemun ya fi taruwa. Farin garin ƴaƴan kuka, ba kukar miya ba, shi ma yana taimakawa: babban cokali ɗaya a tankaɗe yana ƙara kauri da tsami tare.

Na biyu lafiya. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ƙasa, wadda ke haddasa gubar da likitoci ke kira botilizim. Tana son wurin da babu iska, irin cikin rufaffiyar kwalba, tafasa ta yau da kullum ba ta kashe irinta, kuma gubar ba lallai ta canza wari ko launin abinci ba, alhali tana iya kisa. Abin da ke hana ta tsiro shi ne tsami. A ma'aunin tsami da ake kira pH, ba ta girma a ƙasa da 4.6. Gwanda da kankana da ayaba, har da mangwaron da ya nuna sosai, suna iya haura wannan iyaka, tumatir ma a bakinta yake. Ruwan lemun shi ke sauko da su inda babu hatsari. Don haka ne kuma ba na yarda a cusa albasa, tafarnuwa, mai ko tattasai mai yawa a konfitir ɗin da za a ajiye a ɗaki. In an sa su, ya zama abincin firigo na ƴan kwanaki.

Idan lemun ya yi wuya, jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri tana tsaya masa, sai dai launin zai yi duhu.

Wane yaji ya fi, kuma yaya zan hana shi yin yawa?

Attarugu ɗanye na fi so, domin ban da zafi yana da ƙamshi mai kama da na ɗan itace, yana saje da mangwaro da abarba. Busasshiyar tonka zafinta tsaye yake, babu ƙamshi sosai, ta fi dacewa da tsamiya da tumatir. Garin jan tattasai irin na Difa kuwa launi da ƙamshi yake bayarwa ba zafi ba, ƙaramin cokali ɗaya ya isa. Yajin da aka riga aka daka da ƙuli-ƙuli ko dunƙulen ɗanɗano, wannan na tsire ne, kada ya shiga nan.

Mutane suna cewa ƴaƴan attarugu ne ke da zafi. Gaskiyar ita ce zafin ya fi taruwa a farar tsokar nan ta ciki da ƴaƴan ke manne da ita. In kin kankare ta, kin rage mafi yawansa. Ki fara da guda ɗaya, ki ɗiba kaɗan a cokali ki bari ya huce ki ɗanɗana. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, cirewa ce ba ta yiwuwa. Ki kuma sani cewa bayan kwana biyu ko uku a kwalba yajin yana ƙara ratsa ko'ina.

Ni a wurina, konfitir mai kyau shi ne wanda zaƙi zai fara yi maka sallama, tsami ya biyo baya, yajin ya iso a ƙarshe can wajen maƙogwaro. In yaji ne ya fara tarbar mutum har ya kasa jin mangwaron, an ɓata mangwaro a banza.

Idan ya riga ya yi yawa, ki dafa wata tukunyar marar yaji ki haɗe su.

Hannuna ya kwana yana raɗaɗi bayan na yanka attarugu.

Sannu, ƙanwata. Sinadarin zafin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Ki shafa man gyaɗa ki murza, sannan ki wanke da sabulu, ko ki tsoma hannun a nono. Gaba ki ɗaura leda a hannu kafin ki yanka, kuma kada ki taɓa ido ko jariri sai kin wanke.

Ana iya sa kimba da masoro?

Ana iyawa, amma da hannu mai sauƙi. Kimba ɗaya a fasa a jefa a tsame, don in ta daɗe tana kawo ɗaci. Masoro ƙwaya kaɗan a daka. Kada a tara su duka a tukunya ɗaya kamar ana haɗa yajin mai jego. Biyu ko uku sun isa.

A wace tukunya ake dafawa? Gawayi ko gas?

Mai faɗi, ba mai zurfi ba, kuma kada kayan su wuce rabinta. Faɗin shi ke sa ruwa ya ƙone da sauri, launi ya tsaya rawaya mai haske. Shi ya sa ba na dafa fiye da kilo 2 a lokaci guda. Mai son ta gama buhu a tukunyar biki ɗaya za ta daɗe a wuta, ya yi baƙi, ƙamshin ya gudu, kuma ba lallai ya kama ba.

Ta silba wadda ba ta tsatsa ita ce gaba, ko mai fenti da bai ɓantare ba. Tukwanen dalma da maƙera ke zubawa suna da kyau a tuwo da shinkafa, amma tsami yana cin jikinsu, ya ba konfitir ɗanɗanon ƙarfe, kuma ba a san irin tarkacen da aka narka aka yi su da shi ba. Muciyar ma a ware mata, kada a ɗauko wadda ta sha daddawa.

Gas ya fi sauƙin sarrafawa. Gawayi ma yana yi, shi na fi amfani da shi, sai dai ki tanadi wurin da za ki sauke tukunya da sauri in wuta ta yi yawa. Itace hayaƙinsa yana shiga.

Yaya zan gane ya yi?

Mai ma'aunin zafi na girki, littattafai suna cewa digiri 104 zuwa 105. Da yake Maradi tana sama da teku da fiye da mita 300, ruwa a nan yana tafasa ne wajen digiri 99, don haka 103 zuwa 104 ya wadatar.

Yawancinmu ba mu da shi, kuma ba dole ba ne. Ki sa ƙaramin faranti a firigo, ko ki ɗora shi kan ƙanƙarar da kika saya. Ki sauke tukunyar, ki ɗiga rabin cokali a farantin, ki jira minti ɗaya, ki tura da yatsa. In samansa ya tattare, hanyar da yatsan ya bi ba ta rufe ba, ya yi. In ya koma ya haɗe, ki mayar wuta minti 3 ki sake gwadawa. Inda babu ƙanƙara, ki ɗiga a kofin ruwan randa: wanda ya yi zai nutse a dunƙule, wanda bai yi ba zai watse. Kunne ma yana ji. Tafasar farko tana da kumfa da sauri, ta ƙarshe kuwa nauyi gare ta, ɓul-ɓul kamar talgen da ya kusa ɗaukar gari.

Ki tuna cewa da zafinsa kullum ruwa-ruwa yake. Wadda ta jira sai ta ga ya yi kauri a tukunya, alewa za ta samu in ya huce.

Nawa ya yi ruwa. Na ƙawata kuma ya yi tauri, wani har da ƙauri.

Wanda ya yi ruwa, a ba shi kwana biyu tukuna, wani lokacin yana kamawa a hankali. In bai kama ba, a mayar tukunya da ƙarin cokali ɗaya ko biyu na ruwan lemun, a tafasa minti 5, a sake ɗurawa a wankakkun kwalabe. Ko a bar shi haka a riƙa zuba wa nono da waina, bai lalace ba.

Mai tauri, a zuba masa ruwan zafi kaɗan a narkar da shi a wuta marar ƙarfi, amma a fara cinye shi. Wanda ya yi tsakuwa-tsakuwa, ko dai sukarin bai narke ba aka ƙara wuta, ko lemun ya yi kaɗan. Wanda ya kamu kuwa, da kin ji ƙauri kada ki kankari gindin, ki juye na sama a wata tukunyar nan take. In ƙaurin ya riga ya ratsa, babu gyara.

Wace irin kwalba, kuma yaya ake rufewa?

Ta gilashi mai murfin ƙarfe da ake murɗawa, irin ta mayonez. Ki duba bakinta kada ya zama da tsaga, ki duba murfin kada ya yi tsatsa ko ya lotse, kuma robar cikinsa tana nan lafiya. Kwalba tana maimaituwa sau da yawa, murfi ne ke gajiya. Roba da kwalbar kofi mai murfin roba ba sa hana iska shiga, sai dai na cin mako.

Ki wanke da sabulu, ki tafasa kwalaben minti 10, ki bar su cikin ruwan zafin har lokacin ɗuri, domin zuba abu mai zafi a gilashi mai sanyi yana fasa shi. Ki ɗura konfitir da zafinsa, ki bar tazarar kamar santimita 1 a sama, ki goge bakin da ƙyalle mai tsabta, ki rufe. Sannan ki shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, ki jera kwalaben, ki zuba ruwan zafi ya shanye kansu da kamar yatsu biyu, ki tafasa minti 15. Ki fito da su ki ajiye inda iska ba ta bugawa, kada a taɓa sai gobe. Da safe ki danna tsakiyar murfi: in ya lotsa ciki bai motsi, ya rufu. Wanda ke ɗagowa yana ƙara, a fara cinye shi.

Wannan dabarar ta tafasa abinci a rufaffiyar kwalba tsohuwa ce, wani Bafaranshe mai sana'ar alewa, Nicolas Appert, ya wallafa ta tun 1810. Na san akwai masu kifa kwalba kawai bayan sun rufe, ba tare da tafasawa ba. Yana yi wa wasu. Ni a zafin garin nan ban amince da shi ba, minti 15 bai kai asarar kwalba ba.

Ba ni da firigo, wuta ma ba ta tsayawa. Kwana nawa zai yi?

Wanda ya rufu da kyau ba ya buƙatar firigo. A wuri mai duhu da sanyi yana kai shekara, amma ɗakunanmu na kwano a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, suna sa launi ya dushe ƙamshi ya ragu. Ni wata 6 nake ba shi. Ɗakin ƙasa ya fi, ko ƙarƙashin gado, nesa da taga.

Da an buɗe, lissafi ya canza: wata guda a firigo, kamar mako guda a waje. Shi ya sa nake cewa marar firigo ta yi amfani da ƙananan kwalabe. Tukunya-cikin-tukunya ma tana taimakawa, wato a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta har ya samu kyautar Rolex a 2000, kuma a busasshiyar iska irin tamu ta fi aiki. A dai kula kada laima ta sa murfi tsatsa. Cokalin ɗiba kuma ya zama busasshe mai tsabta, ba wanda yaro ya lasa ya mayar ba.

In ya yi fumfuna a sama, ba sai a kwashe a ci na ƙasa ba?

A'a, Inna. Abin da ido ke gani kansa ne kawai, saiwoyinsa sun riga sun shiga ciki, kuma wasu suna barin guba. Haka wanda murfinsa ya kumbura, ko yake kumfa, ko warinsa ya canza. A zubar, kada ma a ɗanɗana.

Mai ciwon sukari zai iya ci? Yara fa? A sa zuma maimakon sukari?

Malam, ba zan ɓoye maka ba, fiye da rabin abin nan sukari ne. Mai ciwon sukari ya tambayi likitansa kafin ya kusance shi. Zuma ba mafita ba ce, ita ma tana ɗaga sukarin jini, kuma konfitir ɗin zuma zalla ba ya kamawa da kyau. Wadda ke son ƙamshinta ta maye gurbin kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma ko abin da aka yi da ita. Yara manya ina yi musu tukunyarsu daban, da citta kaɗan ba attarugu. Mai gyambon ciki shi ma marar yajin ya fi masa.

Ban da burodi, da me ake ci?

Da fanke, da waina, da alkubus. Cokali ɗaya a kindirmo yana maye gurbin sukari. A buɗa-baki ina ajiye shi kusa da ƙosai, kuma shi ke fara ƙarewa. Wanda na fi so shi ne a shafa wa kaza ko zabuwa a minti biyar na ƙarshen gashi, ya narke ya yi sheƙi. Ba a shafawa tun farko, sukarin ƙonewa zai yi.

Ina so in mayar da shi sana'a.

Madalla, ɗiyata, kasuwar tana da fili. Amma ki yi tukunya goma tukuna wadda gida da maƙwabta za su ci, ki ajiye kwalba ɗaya daga kowace ki ga yadda za ta kasance bayan wata uku. Ki rubuta awonki a littafi don na yau ya zama daidai da na gobe, mai saye ba ya yafe canjin ɗanɗano. A kowace kwalba ki manna takarda mai ranar dahuwa, abin da ke ciki, da ko mai yaji ne sosai ko kaɗan. Wajen sa kuɗi ki lissafa kwalba da gawayi da lemun da wahalarki, ba mangwaro da sukari kawai ba, a nan mata da yawa suke karyewa ba su sani ba. In kika kai ga son shiga manyan shaguna, sai ki nemi hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, ANMC, ki ji sharuɗɗansu.

Idan lokacin mangwaro ya wuce, sai a jira baɗi?

Ba a jira. Zoɓo, wanda wasu ke kira bisap, yana nan duk shekara a bushe, kuma bayan kaka ya fi araha. Yana da tsaminsa da pektin ɗinsa, don haka ya fi mangwaro saurin kamawa. Ki auna giram 100 na busasshe, ki wanke sau uku ko huɗu har rairayin ya fita tas, don ƙasa ɗaya a haƙori tana ɓata kwalba guda. Ki jiƙa a lita 1 na ruwa, ki dafa har ya yi laushi, ki daka ko ki niƙa tare da ruwansa. Ki auna abin da kika samu, ki sa sukari daidai nauyinsa, da citta da kanumfari da ƴar tonka. Lemun cokali ɗaya ya isa. Ki fara gwada shi a faranti tun daga minti 10, domin yana iya wuce ki ya yi tauri. Launinsa ja ne wur, kuma yana rina muciya da tsumma, don haka ranar dafa shi kada ki sa farin zane.